Ƙafar Iya Baraka da Dokar Rakiya

In kina zaune cikin gidanku a Ƙofar Marusa kika ji an yi sallama daga zaure, kafin ki lalubo mayafi kin ga mai sallamar har ta iso tsakar gida, ta sauke ƙunshi, tana tambayar wa ya ƙona wake, tau ba sai an gaya maki ba, Iya Baraka ce.

Dillaliya ce. Shekara talatin da wani abu tana bin gidaje da atamfofi da mayafai da kwanukan da wata ta gaji da su wata kuma ke mafarkinsu. Gajera ce, baƙa, ga wushirya, ga murya kamar ta haɗiye lasifika. Ubanta baduku ne, ita kuma tun tana ƙarama ita ke kai takalma gidajen mutane, daga nan ƙafa ta saba da hanya, baki ya saba da magana. Mijinta marigayi Malam Babaji mai gyaran rediyo ne, mutum shiru-shiru, wanda 'yan unguwa ke cewa ya zaɓi sana'ar ne don ya samu abu guda mai magana da zai iya kashewa in ya gaji. Allah ya jiƙan shi, ya yi haƙuri.

Duk wannan yawon a ƙasa take yin shi. Ba ta hawa kurkura, keken hayar nan mai ƙafa uku, ba ta hawa mashin. Ta ce wanda ke bisa taya ba ya jin labari. Daga Ƙofar Marusa har Kambarawa da silifas ɗinta take zuwa ta dawo, ƙunshi bisa kai, ta san gidan da aka yi haihuwa, ta san gidan da aka yi faɗa, ta san gidan da za a yi faɗa jibi. Ƙafar nan ita ce shagonta, ita ce motarta. In aka ce yau ba ta, tau an zaunar da Baraka, kuma duk wanda ya san ta ya san zama guda shi ne abin da zai kashe ta kafin suga.

Eh, tana da suga. Shekara shida ke nan. Duk wata take zuwa ƙaramin asibitin unguwa, wanda kowa ke ce ma sha-ka-tafi, a tsikari yatsa, a ba ta ƙwayoyi, ta tsaya ta yi wa na kan layi wa'azin da ba su nema ba, ta wuce.

Mutum guda ne a duk Katsina ke kashe mata baki: Mudassir, mijin ɗiyarta Fadila. Ita kaɗai gare ta. Shekara tara da auren nan, Iya Baraka ba ta taɓa faɗin sunan shi ba, ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gaban shi ba. In ta hango shi a lungu sai ta tuna tana da aike a wani lungun. In dole ta kama a ambace shi sai ta ce "mutumin gidan su yarinyar nan." Shi ma haka. Ƙaton mutum da gemu, ma'aikacin lafiya, kowa Likita-Likita, amma in ya gan ta sai ya zube ƙasa ya rasa inda zai aje idanu. Surukuta ta gaske, irin wadda 'yan yanzu ke dariya.

Sai ga shi an yi mashi canjin wurin aiki, an kawo shi sha-ka-tafin Ƙofar Marusa a matsayin shugaba. Kuma su biyu ne rak a wurin: shi, da Sista Ramla mai awon ciki da rigakafin yara. Masu suga da hawan jini wajen shi suke shiga.

Ki zo ki ga ranar katin Iya Baraka. Ta shiga ta zauna a karkace, ta ja mayafi har hanci, tana kallon kalandar bango. Shi kuma shina kallon takarda kamar yau ya fara ganin biro.

"Iya ina kwana."

"Lafiya lau."

"An tashi lafiya? Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ta miƙa yatsa can gefe kamar mai ba da sadaka a ɓoye, ya tsikara, ya rubuta, ta fito. Minti biyu. Tana fita ƙofa muryar ta dawo mata.

Ana cikin haka, wata rana a Kambarawa ta bi ta gefen wani gini, guntun kwanon rufi ya yanke ta ƙarƙashin ɗan ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ba ta ma ji ba, sai da ta iso gida ta ga jini ya bushe a silifas. Ta wanke da ruwan gishiri. Ta sa man zafi. Da bai kama ba ta ƙunsa lalle. Kwana goma, ciwo bai rufe ba, sai ma buɗewa da yake yi. Kuma ba wai ba ta san mi hakan ke nufi ba. Ta san Inno ta Kambarawa, mai tuwon sayarwa, ita ma mai suga, da ƙaya ta fara, yau ga ta zaune bisa tabarma, ƙafa guda daga gwiwa babu. Iya Baraka da kanta ta je dubiya, ta dawo tana faɗa gida-gida cewa sakaci ne.

Tau amma ta tuɓe ƙafa, ƙafa mai ruwa, ta ɗora gaban surukinta? Ta gwammace ƙasa ta tsage. In ta gaya wa Fadila kuma, daidai yake da ta gaya mashi. In ta tafi wani asibitin, kafin la'asar magana ta zagaye unguwa cewa uwar matar Likita ma ba ta yarda da hannun shi ba, ta zubar mashi da mutunci a wurin aikin da bai daɗe da kamawa ba. Sai ta sayi safa baƙa ta saka. A watan Maris, a Katsina.

"Iya, ko makarantar boko aka koma?" in ji matan gidan da ta fara shiga.

"Ustaziya na zama. Ku da ba ku da rabo ku zauna da ƙafafu waje."

A daidai lokacin ne Mudassir ya tashi da maganar shi ta sai an sa marasa lafiya cikin kwamitin asibiti. Dalili kuwa, akwai wani akwatin ƙorafi kore da aka kafa bakin ƙofa tun kafin zuwan shi. Ya sa aka fasa kwaɗon, aka tarar da ɓawon gyaɗa, da tallan maganin basir, da gawar ƙadangare. Ya ce wannan ba ji daga jama'a ba ne. Shugaban kwamitin, Malam Ummaru, tsohon ma'aikacin sakatariya wanda ko sunan jikan shi sai ya rubuta ajanda, ya ce lallai a samo mace wadda ta san cikin gidaje. Aka tambayi matan kan layi, baki ya zo ɗaya: Baraka. An ce Mudassir sai da ya sha ruwa kofi biyu kafin ya ce to.

Ita kuwa da aka aiko mata cewa ta yi, "Da wa za su ɗauka? Akwai mai baki bayan ni?"

Zaman farko a barandar asibitin aka yi shi, bayan azahar, bisa bencin marasa lafiya. Iya Baraka ta zo ta zaɓi ƙarshen benci, ta juya wa surukinta baya, ta fuskanci tankin ruwa. Malam Ummaru ya buɗe da addu'a, ya gyara tabarau, ya karanta cewa an tambayi masu zuwa asibiti ko sun gamsu, kuma cikin ɗari, casa'in da bakwai sun gamsu.

"Wa ya tambaye su?" in ji Iya Baraka, tana kallon tanki.

Sista Ramla ta ce, "Ni ce, Iya. Nan bakin ƙofa nike tsayawa da takarda."

"Mi kike ce masu?"

"In ce, Mama kin gamsu da aikinmu?"

"Su ce mi?"

"Su ce alhamdu lillahi."

Iya Baraka ta yi dariya har wushirya ta sha iska. "Ɗiyata, da kin tambaye su a gidan mutuwa ma abin da za su ce maki ke nan. Sauran ukun da ba su gamsu ba, ina jin ba su ji ki ba ne." Ta gyara zama. "A gaya wa mai asibitin nan, tagar ɗakin shi bisa bencin mai shayi take kallo. Duk wanda ke da basir a unguwar nan, masu shan shayi sun riga matar shi sani."

Mudassir na zaune bai fi taku uku da ita ba. Ya dubi Sista Ramla ya ce, "A gaya wa Iya mun nemi labule tun tuni, ba a kawo ba."

"A gaya mashi labule ba sai gwamnati ba."

Ta kwance ƙunshi nan take ta zaro wata atamfa mai zanen fankoki, ruwan ɗorawa da shuɗi, wadda ta shekara uku tana yawo da ita ba macen da ta ko taya. Ta ce sadaka ce. Malam Ummaru ya rubuta cewa Hajiya ta ba da gudummawa, ta ce ya goge Hajiyar, ba ta je ba tukuna, kada ya jawo mata baki.

Haka aka yi ta yi, a gaya wa Iya, a gaya mashi, Sista Ramla a tsakiya tana juya kai kamar mai kallon ƙwallo. Har aka zo kan abin da ya fi damun Mudassir: tsofaffi na zuwa, ya tambaye su, su ce da sauƙi, bayan wata biyu a kawo su ranga-ranga.

"A gaya mashi shi ne bai tambaya ba," in ji Iya Baraka. "Gaisuwa ya yi, aka amsa mashi gaisuwa, ya rubuta. Wa ke amsa gaisuwa da ciwo? Ni nan, shekara talatin ina shiga gidaje, ba macen da ta taɓa gaya mani abin da ke ranta a tsakar gida. A tsakar gida ruwa ake sha, a tambayi yara. Sai na ɗaure ƙunshi, ta ce bari in taka maki, mun kai zaure, ba mai kallon idon wani, sannan ta ce, af Iya, na ce ba. Tau nan maganar take. Ku kuwa mutum na tashi kun ce na gaba. A riƙa yi masu rakiya."

Malam Ummaru ya cire tabarau. "Rakiya kuma, a asibiti?"

"A gaya wa Iya mu biyu ne," in ji Mudassir. "In Sista na rakiya, wa zai yi awo?"

"A gaya mashi daga ƙofar nan zuwa get taku goma sha biyu ne, na ƙirga. Kuma ba kullum na ce ba. Ranar Talata, ranar 'yan suga da hawan jini, ai ba awo."

"Kowa da kowa za a raka?" in ji Sista Ramla.

"Kowa. Ko matar wa ce. Kina tsallake guda, ita ce mai maganar."

Aka ce a gwada wata ɗaya. Malam Ummaru ya daɗe shina neman sunan da zai ba abin cikin littafi, ƙarshe ya rubuta rakiya, ya ja layi biyu a ƙasa.

Abin haushin, abin ya yi aiki. Talatar farko wata tsohuwa ta kai get sannan ta ce af, ita fa ta daina shan farar ƙwayar nan, tana sa ta fitsari, alwala ba ta zama. Wata ta ce raba nata take da maigida, tunda shi ya rantse ba zai bi layin mata ba. Wata kuma duk maganin ta juye cikin gwangwanin alawa guda, in ta tashi sai ta ɗauki wanda launin shi ya yi mata. Sista Ramla ta riƙa dawowa da gudu tana faɗa wa Mudassir, a kira mutum a sake zama. Mazan ma da suka ga haka suka ce su fa, sai Malam Ummaru ya ɗauki rakiyar maza, ya samu aikin yi ban da gyara wa liman karatu.

Iya Baraka kuwa ba gidan da bai ji labarin dokarta ba. Dokata kaza, dokata kaza. Sai dai gidajen sun fara raguwa. Kambarawa ta daina zuwa, wai sun cika rowa. Ta fara zama ta daɗe a inda da tsaye take gama ciniki. Safar ta koma biyu a ƙafa guda, tana fesa mata turare kafin ta fito. In ta kwance ta da yamma don alwala, sai ta kau da kai, don yatsan ya canza launi, kuma Inno ce ke faɗo mata a rai, zaune bisa tabarma tana korar ƙuda. Talatarta ta zo ta ƙi zuwa, wai tana da kai kayan biki. Ta biyu ma haka. Ta uku magani ya ƙare ƙaf, ga jiri, dole ta je.

Ta shiga, ta zauna a karkace. Atamfarta mai fankoki na rataye, rabi a taga, ragowar an yi labulen gadon duba marasa lafiya da ita.

"Iya ina kwana."

"Lafiya lau."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ya tsikari yatsa, ya ga abin da na'ura ta nuna. Sannan ya gaya wa takardar gaban shi cewa sugan ya hau sosai, da za a ɗan rage fura mai sukari da an kyauta. Iya Baraka ta gaya wa kalanda cewa an ji. Ta karɓi magani ta fito, tana taka ƙafar nan a hankali kamar ba komai.

Tana kai hannu ga ƙunshinta a baranda, Sista Ramla ta riga ta ɗauka.

"Mu je in taka maki, Iya."

"Koma ɗiyata, ga mutane na jira. Ni na kawo dokar, ba a kaina za a gwada ta ba."

"Ke kika ce ko matar wa ce."

"Ni ba matar kowa ba ce, mijina ya rasu."

"Allah ya jiƙan shi. Mu je."

Suka yi taku goma sha biyun, Iya Baraka na ba da labarin tsadar atamfa. Suka kai get. Ta miƙa hannu a ba ta kayanta, Sista Ramla ta ɗora ƙunshin bisa kai, da fararen kayanta da komai, ta yi gaba. Suka wuce mai shayi, masu shan shayi suka bi su da ido. Suka wuce masallaci. Suka wuce mai markaɗe.

"Ke, rakiyar da ta wuce get ai ta zama bibiya."

"Ba ki faɗi inda take ƙarewa ba, Iya. Malam Ummaru bai rubuta ba."

Yarinyar ba ta kallon ta, gaba take kallo, tana tafiya sannu-sannu daidai da ɗingishin da Iya Baraka ke rantsuwa ba ta yi. Kuma abin da ya karya ta ke nan, don ita ta koya mata: kada ki kalli mutum, kada ki tambaye shi, ki dai yi ta tafiya. Ƙafar na bugawa kamar ana daka a ciki. Ta ƙirga abin da ya rage zuwa gida ta ga yau ko shi ba za ta iya ba, balle Kambarawa. A bakin wani zaure ta tsaya ta dafa bango.

"Af," ta ce, "na ce ba."

Sista Ramla ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Akwai wata mata, can wajen su Kambarawa. Kwano ya yanke ta, ya ƙi warkewa. Ita ma tana da ɗan sugan nan. Shi ne ta ce in tambaya mata."

"Matar tana sa safa?"

Iya Baraka ta harare ta, harara mai kyau. Sannan ta shige zauren mutane ta zauna bisa dakali ta fara tuɓewa.

Da Sista Ramla ta gani, sai wasan ya bar fuskarta. Ta durƙusa ta duba sama da ƙasa, ta taɓa bayan ƙafar, ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai Likita ya gani, kuma yanzu.

"Ki wanke mani ke, ki naɗe. Ba sai kowa ya ji ba."

"In na naɗe maki na cuce ki, Iya. Kin san Inno."

"Kada ki kawo mani Inno."

"Tau ki zaɓa. Ya ga ƙafar yau, ko ya zo dubiya bayan an cire ta. Can ma dai sai ya gani."

Yarinya ƙarama, ba ta fi sa'ar Fadila ba, ta tsaya tana gaya wa Baraka magana, Baraka kuwa ta sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon silifas ɗinta. Can ta ce, "Labulen nan nawa, har ƙasa ya kai?"

"Saura kamar taƙi guda."

"Tau ƙafar za ta je. Ni ban je ba."

Haka aka yi. Aka shigar da ita ta ƙofar awon ciki, ta zauna bayan atamfa mai fankoki, ta turo ƙafa ta ƙarƙashi bisa ɗan kujera. Sista Ramla ta je ta ce wa Mudassir ga wata ƙafa na son ganin shi. Ya zo ya ga ƙafar, ya ga silifas ɗin da ke gefe, shuɗi, an ɗaure hancin da zare, wanda ya shekara tara shina gani a ƙofar ɗakin matar shi. Ya sa safar hannu ya durƙusa.

"A tambayi mai ƙafar yaushe abin ya fara."

Daga bayan labule aka ce, "A gaya mashi sati biyu."

"Iya," in ji Sista Ramla.

"Biyar."

"A tambaye ta mi aka sa."

"Gishiri. Man zafi. Lalle." Sai aka ƙara da cewa, "Da turare, amma shi bisa safa ne."

Ya wanke, ya danna nan ya danna can shina tambaya ko ana ji, wani wurin a ce eh, wani wurin a yi shiru. Ya naɗe da bandeji, ya zauna ya rubuta takarda, ya ce a gaya wa mai ƙafar sai babban asibiti, kuma yau, don in aka ƙara kwanaki ba yatsa za a yi magana ba.

"A gaya mashi gobe da safe. Yau ina da kai mayafai gidan biki, an..."

"Iya."

Ba Sista Ramla ya kalla ba wannan karon. Labulen ya kalla.

"Iya, yau. Don Allah. Kin zauna gabana ɗazun nan na ce ya jiki, ban ɗaga kai na dube ki ba. Laifina ne. Kada ki sa in je in gaya wa Fadila ina zaune ƙafar uwarta ta tafi."

Fankokin atamfa suka ɗan motsa. Duk Ƙofar Marusa ba wanda zai yarda, amma Iya Baraka ba ta ƙara gardama ba.

"Tau," ta ce.

Ranar ta hau kurkura, ita da Fadila da aka kira a waya ta zo tana kuka tana faɗa. Tun daga get har babban asibiti Iya Baraka na gaya wa direba bai san hanya ba.

Yatsan bai tsira ba, ɗan ƙaramin, an cire shi. Ƙafar ta tsira. Likitocin can sun ce da an ƙara sati da labarin ya canza. Ta kwana goma sha biyu a gado, kuma kafin a sallame ta ta san ciwon kowa a ɗakin da na masu jinyarsu, ta kuma gaya wa nas-nas ɗin wurin cewa aikinsu ba laifi amma ba su iya rakiya ba. Masu zuwa dubiya in suka yi mata jajen yatsa sai ta ce dama ba aikin da yake yi, shekara sittin shina bin sauran a banza.

Wata biyu ta yi tana zuwa wankin ciwo, ƙafa ta ƙarƙashin labule, a gaya mashi, a gaya mata. Fadila ta saya mata takalmi rufaffe mai laushi, ta ce na 'yan ƙwallo ne, ta ƙi sawa kwana uku, sannan ta sa. Yanzu haka ta koma yawonta, ƙunshin dai an rage mashi nauyi. Ranar da ta fara isa Kambarawa a ƙasa gidan Inno ta fara shiga, ta zauna bisa tabarmar, kuma an ce ranar ba ta ambaci sakaci ba.

A zaman kwamiti na gaba ta zo ta zauna inda ta saba, tana fuskantar tanki. Ta ce tana da ƙarin doka: duk mai suga, ranar Talata ya tuɓe takalmi da safa a duba ƙafa, ko ya ce da sauƙi ko bai ce ba, mai jin kunya ga labule. Malam Ummaru ya tambaya ko akwai dalilin da za a rubuta. Ta ce ya rubuta wata mata ce a Kambarawa. Sista Ramla ta sunkuyar da kai tana gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Aka shafa fatiha, kowa ya tashi. Iya Baraka ta ɗauki ƙunshi ta nufi get. Sista Ramla na can ciki an kawo yaro da zazzaɓi, Malam Ummaru na neman murfin biro. Sai ga Mudassir ya biyo ta, taku uku a baya, hannu a bayan shi, shina kallon ƙasa kamar ya yar da allura. Ita ba ta waiwaya ba, shi bai matso ba. Taku goma sha biyu ba wanda ya yi tari.

A bakin get ta tsaya, ta gyara ƙunshi, ta dubi ƙarfen get ɗin da kyau.

"Af," ta ce wa get, "na ce ba. Ƙwayar nan ta safe, sabuwar, jiri take sa ni in na sha ban karya ba."

Mudassir ya laluba aljihu ya zaro biro.